DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: MASU TARA TSOFAFFIN WASANNIN HAƊA HOTO

 

Kowace mace da abin da ranta ke son tarawa. Wata atamfofi ne, ko ba za ta ɗinka ba dai ta ga ta jibge su a akwati. Wata kwalaben turare, wata katunan gaisuwa, wata kuwa littattafan soyayya ta cika ƙarƙashin gado da su. Kakanninmu su ma ba a bar su a baya ba, domin kuwa da jeren tasoshi da kwalla da samira ake gane ɗakin 'yar gata. To yau zan ba ku labarin wani abin tarawa da ya samo asali daga ƙasar Ingila, wanda ni ma na tsunduma a cikinsa tsundum, wato tsofaffin wasannin haɗa hoto, musamman masu ɗauke da zanen yara da dabbobinsu na gida.

MENE NE WASAN HAƊA HOTO?

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, hoto ne ake mannawa a jikin siririn katako ko kwali mai kauri, sai a yayyanka shi gutsure-gutsure, a hargitsa, a zuba cikin akwati. Aikinki shi ne ki zauna ki yi ta dubawa kina gwadawa, har ki mayar da kowane gutsure inda ya fito, hoton ya dawo ɗaya kamar ba a taɓa yanka shi ba. Turawa na ce masa jigso, sunan irin zarton da ake yanka shi da shi ke nan. Akwai mai gutsure 50 na yara, akwai mai 500, akwai mai 1,000 har sama da haka.

Za ki yi mamaki in na ce miki asalinsa don karatu aka yi shi. Wani mai zana taswira a birnin Landan, John Spilsbury, shi ake dangantawa da fara sayar da shi. A shekarar 1766 ya manna taswirar Turai a kan katako, ya bi iyakokin ƙasashe ya yanke, domin yara su riƙa haɗawa suna sanin ina Faransa take, ina Sifen take. Har 'ya'yan Sarkin Ingila George na Uku an koya musu darasi da irin wannan taswira, ta hannun mai renonsu Lady Charlotte Finch. Allah bai yi wa Spilsbury tsawon rai ba, ya rasu a 1769 yana ɗan kimanin shekara 30, matarsa Sarah ce ta riƙe shagon bayansa. Kin ji tun daga tushe akwai hannun mace a wannan sana'a.

MASU ZANEN YARA DA DABBOBI

Sannu a hankali aka tashi daga taswira aka koma hotunan labarai da na nishaɗi. A ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, injin buga hoto mai launi ya yi araha, har talaka na iya sayen kwafin zane ya rataya a bango. Abin da mutanen Ingila suka fi so a lokacin kuwa shi ne zanen yara masu kumatu suna wasa da kyanwa, ko kwikwiyo, ko zomo, ko ɗan ƙuru. Irin waɗannan hotuna ne masu yanka suka riƙa ɗauka suna mannawa a katako, shekara da shekaru.

Cikin gwanayen wannan zane akwai Charles Burton Barber, wanda aka haifa a 1845 ya rasu a 1894. Sarauniya da kanta ta sha sa shi ya zana mata karnukanta da jikokinta. Yana da wani zane da ya yi a shekarar da ya rasu, na wata 'yar yarinya zaune kan gado ta haɗa hannuwa tana addu'a kafin ta karya kumallo, ga tire a gabanta, kyanwa na gefe guda, kare na gefe guda, duk sun zuba wa abincin ido kamar sa faɗa ciki. Ke dai kina gani sai kin yi dariya, domin kin san da ta rufe ido da kyau, shi ke nan, an yi gaba da shi.

Akwai kuma Briton Rivière, mai wani shahararren zane da aka nuna a Landan a 1878. Yarinya ce aka yi wa faɗa aka kora ta zauna kan matakalar bene, ta rafka tagumi, idanu sun yi rau-rau, wani farin kare ya zo ya ɗora kansa a kafaɗarta kamar mai ba ta haƙuri. Duk wadda Mama ta taɓa kora daga ɗaki, ta koma bayan gida ta rungumi magen gidansu tana kuka, ta san abin da mai zanen nan yake nufi ba sai an fassara mata ba.

Amma wanda masu tarawa suka fi ambata shi ne Arthur Elsley, an haife shi a 1860 ya rasu a 1952. Tun yana yaro ƙyanda ta taɓa masa idanu, duk da haka bai fasa zane ba. Ya taɓa zama ɗakin aiki ɗaya da wani mai zane Fred Morgan, shi Morgan ya zana yaran, Elsley ya zana masa dabbobin, har daga baya suka ɓata saboda Morgan ya zarge shi da satar masa dabara. Kun ji, ashe kishi ba a gidan mai mata biyu kaɗai yake ba! 'Yarsa Marjorie da aka haifa a 1903 ita ce yarinyar da ke cikin zanensa da dama. A wajen zanen kyanwa zalla kuwa, wata mace ce 'yar Holan ta ciri tuta, Henriëtte Ronner-Knip, wadda ta rayu daga 1821 zuwa 1909.

'Yan kasuwa ma ba su yi barci ba. Kamfanin sabulun Pears ya sayi zanen da John Millais ya yi wa jikansa a 1886, yaron na kallon kumfar sabulu tana tashi sama, suka ƙara hoton sabulunsu a jiki suka mai da shi talla. Yaron nan, William James, ya girma har ya zama babban hafsan sojan ruwa, amma har tsufansa ana tsokanarsa da sunan Kumfa. Zanen Elsley shi ma ya shiga kalandu da tallar sabulu da ta biskit. Ta haka hotunan suka shiga kowane gida, daga nan suka faɗa hannun masu zarto.

Na san wata za ta ce, "Anti, kare a kan gado? Tabɗi!" Gaskiyarki ƙanwata, mu nan kare na gadi ne da farauta, iyakarsa ƙofar gida. Al'adarsu ce haka, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi ya sa ni nawa da na tara, yawancinsu na kyanwa ne da zomo da ɗan rago.

Sai dai ina so ku riƙe wani abu guda. Kada hoton ya ruɗe ku ku ɗauka duk yaran Ingila na wancan zamani haka suke cikin leshi da takalmi mai sheƙi. Sai a 1880 aka tilasta sa yara makaranta a can, shi ma daga shekara 5 zuwa 10 ne kawai. 'Ya'yan talakawa da yawa suna fita sai masaƙa, sai aikatau a gidajen masu kuɗi. Yarinyar da ta goge matakalar nan, ta kawo tiren nan, ba ta fito a hoton ba. Mai zane abin da mai saye ke so ya rataya yake zanawa. In kin ga hoton jin daɗin wasu, a takarda ne ko a waya, ki tuna akwai wanda aka bari a wajen hoton.

'YAN MATAN DA SUKA YI YANKAN

A wajen 1908 wasan ya tashi daga na yara ya zama yayin manya a Amurka. A lokacin mai gutsure 500 yakan kai dala 5, alhali matsakaicin ma'aikaci dala 50 yake samu a wata, don haka sai masu hannu da shuni. Wasan na wancan lokaci kuwa akwai gwada haƙuri. Babu hoto a bayan akwati balle ki leƙa, sai dai suna kawai. Gutsattsarin ba sa sarƙe juna, in kika yi atishawa mai ƙarfi ko gefen mayafinki ya shafa, aikin dare guda ya rushe.

Kamfanin Parker Brothers da ke garin Salem ya fito da nasa mai suna Pastime a 1908, ya yi ta yin sa har 1958. Su wa ke yankawa? Mata, yawancinsu 'yan mata. Zarton farko da ƙafa ake taka shi kamar keken ɗinki, sai kamfani ya ga mata sun riga sun saba da taka keke, ga shi kuma ladansu bai kai na maza ba. Kowace da salon hannunta. Cikin yanka sai ta fitar da gutsure mai siffar tsuntsu, ko tauraro, ko takalmi, ko harafi, don mai haɗawa ya ci karo da shi ya ji daɗi. Tunda da hannu ake yi, ko hoto ɗaya ne ba za ki sami akwati biyu da yankansu ya zo daidai ba. Ni duk sanda na ɗauki gutsuren katako na ga sawun zarto a gefensa, sai in tuna wata 'yar talakawa ce ta zauna tun safe tana taka ƙafa don ta kai abinci gida.

Babban yayin ya zo ne a lokacin wahala. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929, a shekarar 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Babu kuɗin silima, babu na fita yawo. A daidai nan aka samu injin da ke datse kwali bugu ɗaya, wasan ya karye ya koma santi 25, ana fito da sabo duk mako a wurin masu sayar da jarida. A farkon 1933 ana sayar da kimanin miliyan 10 a mako guda. Wasu shaguna har haya suke bayarwa, santi 3 zuwa 10 a kwana, kamar yadda ake ba da hayar littattafan Hausa a unguwanninmu. Wasu kamfanoni kuma kyauta suke haɗa miki da shi in kin sayi buroshin goge baki. Magidancin da ya yini neman aiki bai samu ba, ya dawo ya zauna da iyalinsa su haɗa hoton yarinya da kyanwarta, ya kwanta da jin cewa yau ma ya gama wani abu. Haka aka sake gani a 2020 lokacin kullen korona, da aka yi ta wawar wasan har ya yi wuya a shagunan Turai da Amurka.

ME YA SA TSOHON YA YI DARAJA?

Amsar a fili take: an yi miliyoyi, amma kaɗan ne suka tsira da cikarsu. Yaro ya tauna, tsintsiya ta share, ruwa ya jiƙa, an yi ƙaura an zubar. Wasu kuma asalin zanen ma ya salwanta. Kamfanin Raphael Tuck na Landan, mai buga katuna da wasan katako mai suna Zag-Zaw, bam ya ƙone masa hedikwata ranar 29 ga Disamba 1940 a yaƙin duniya na biyu, tare da dubban zane-zane da takardun tarihinsa. Abin da ya rage sai wanda ke hannun mutanen da suka adana nasu.

Wata malamar jami'a a Amurka, Anne Williams, ta shafe shekaru tana tarawa tana rubuta tarihin wasan, a 2014 tarinta na sama da 7,000 ya koma gidan adana kayan wasa na Strong da ke birnin Rochester. A Ingila akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa tun 1985. Marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu ita ma an san ta da son haɗa na katako.

Nawa na farko gwaggona ce ta ba ni, wadda ta yi kwas ɗin jinya a Ingila tun ba a haife ni ba. Na katako ne, yarinya ce riƙe da kwando cike da 'ya'yan kyanwa. Gwaggo ta ɗinka masa 'yar jaka da ƙyallen atamfa, ta rubuta adadin gutsattsarin a takarda ta jefa ciki. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya bakwai, ta tashi gida sau huɗu, amma ranar da muka zube shi a tire ni da ƙannena, dare huɗu muna fama, ko guda bai ɓata ba. Da na tambaye ta sirrin sai ta ce, "Ke 'yar nan, ni ban taɓa rufe jakar ban ƙirga ba." Yanzu ina da akwati tara, sauran duk a wajen masu gwanjon kayan wasan yara na tsinto su, cikin tarkacen da ake kwasowa daga Turai.

Ku da kuka san jere kun fahimci zancen. Saitin kwalla in murfi ɗaya ya ɓata, ai sai dai a zuba gero a ciki, ya fita daga kayan ado. To haka wannan yake. Gutsure ɗaya in ya ɓata farashi ya faɗi, balle a ce na fuskar yarinyar ne ko idon kyanwar.

YADDA ZA KI GANE TSOHO

Da farko ki duba katako ne ko kwali. Na katako da aka yanka da hannu shi ya fi daraja, za ki ga layukan yankan a karkace, babu gutsure biyu masu kama ɗaya. Na inji kuwa a jere suke reras kamar sojoji. Amma kada ki raina na kwali, domin na shekarun 1930 ma ana nemansa.

Sai ki juya akwatin. In kin ga farashi da sule da kwabo na Ingila, to kafin 1971 aka yi shi, don a shekarar suka canza lissafin kuɗinsu, kamar yadda mu ma muka koma naira a 1973. In kin ga 'yan baƙaƙen layukan nan da ake haskawa a kanti, to bai girmi 1974 ba. In an rubuta Jamus ta Yamma ce ta yi shi, to bai wuce 1990 ba, shekarar da Jamus biyu suka haɗe. Ki lura kuma, tsufan zane daban, tsufan wasa daban. Har yau ana buga zanen Elsley a sabon kwali, saboda haka kada wani ya ce miki ai wannan tun zamanin Biktoriya ne don kawai yarinyar ciki ta sa rigar dā.

Sannan ki ƙirga kafin ki biya. Wani mai gwanjo ya taɓa rantse mini cewa nasa cikakke ne. Na ce, "Malam, ba ni tabarma." Na zauna nan gabansa na jera su goma-goma, sai ga shi uku babu. Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ke kam ba dama." Rabin kuɗi na biya. Ki sani kuma adadin da ke bayan akwati wani lokaci kimantawa ne, tabbacin cika sai an haɗa.

YADDA ZA KI ADANA

Maƙiyansa a ƙasarmu su ne gara, kyankyaso, ɓera, laimar damina da zafin rana. Laima na ɗaga takarda daga jikin katako, rana na kashe launi, kyankyaso kuwa gam ɗin yake bi ya cinye hoton. Ki zuba gutsattsarin a jakar ƙyalle, ki mayar cikin akwatinsu na asali, domin akwatin ma rabin daraja ne. Ki ajiye a saman sif, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo. Kada ki wanke da ruwa, busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Kada ki liƙa salatif a jikin hoto, in ya kwana biyu tabo yake bari, in kin zo ɓarewa ya taho da fentin.

Wajen haɗawa ki sami faffaɗan tire ko allo, ki fara da na gefe, sauran ki ware su launi-launi a farantai. Gutsuren da ya ƙi shiga kada ki danna shi da ƙarfi, ba gurbinsa ba ne, ki ajiye shi nasa na nan zuwa. In ƙannenki na rarrafe a kusa ki ɗaga sama, don ƙaramin gutsure na iya shaƙe yaro. Da kin gama ki ɗauki hotonsa da waya, ki rubuta kwanan wata da adadi ki jefa a jaka irin na gwaggona.

In kuwa ɗaya ya riga ya ɓata, ki sa farar takarda a ƙarƙashin gurbin ki zana siffarsa da fensir, ki yanko kwali daidai kaurinsa, ki shafa launi mai kama. Amma ki yi alama a bayansa, kuma ranar da za ki sayar ko ki bayar ki faɗi gaskiya cewa wannan ɗinki ne. Masu tarawa sun fi mutunta mai giɓi da aka faɗa a kan cikakken da aka yi wa ha'inci.

Ba na ce kowa ta tashi neman wasan Turawa ba, wata ma ƙila ba za ta taɓa cin karo da shi ba. Amma kowace a cikinku akwai wani abu a gidansu da ke shirin salwanta: tasar kaka, hoton auren Mama mai baƙi da fari, wasiƙun Baba, zanen saƙi da ke ƙasan adaka. Yau tarkace ne a idonki, kina jira a ce a zubar ki sami wurin ajiye takalma. Nan da shekara 30 'yarki za ta tambaye ki ina suke. Ki shiga ɗakin Mama a wannan hutun, ki tambaye ta labarin kowanne, ki goge, ki ƙirga, ki rubuta. Ajiya maganin wata rana.

Wadda ke da wani tsohon abu da take ji da shi, ta rubuto mana labarinsa, za mu buga a wannan fili in Allah ya so.